Furojek a Ƙarƙashin Bene, Dina a Otal

Makon jiya na raka ƙanwata makarantarsu za ta ƙarasa kiliyarans. Kemistiri ta karanta, abin da ni ma na karanta shekarun baya a wata jami'ar daban. Muna jiran sakataren sashe ya dawo daga sallar azahar sai na raɓe a ƙarƙashin bene saboda rana, nan idona ya sauka kan wani tsibi.

Furojek ne na ɗalibai, wato aikin binciken da ake rubutawa a shekarar ƙarshe, masu baƙin bango da rubutun ruwan zinare, an jibge su kan juna sun kusa kai min ƙugu, gara ta riga ta ja hanyarta ta jikin bango ta cinye gefen na can ƙasa. Na zaro guda ɗaya na kaɗe ƙura. Wata yarinya ce ta bi rijiyoyin unguwarsu ɗaya bayan ɗaya ta ɗebo ruwa ta auna, ta zana tebur, ta nuna wacce ke kusa da masai da wacce ke nesa, da abin da ta samu a kowacce. Aiki ne na mai hankali, daga gani ka san da ƙafarta ta je.

A saman tsibin nan kuma, a jikin bangon dai, an manna wata ƙatuwar fosta mai sheƙi. Ƙungiyar ɗaliban sashen ce ke gayyata zuwa dina da daren ba da lambar yabo a wani otal, tikiti kala uku, ga hoton wani ɗan siyasa ya cinye rabin fostar a matsayin babban baƙo.

Na ce da ita, "Ke, duk zaman da kika yi a nan, ƙungiyar nan taku ta taɓa kiran wani ya yi muku lakca kan kimiyya?" Ta ce, "Yaya, sau ɗaya aka ce za a yi, sai aka ɗaga saboda zaɓen esko." Na ce to kuɗin da kuke biya duk shekara fa? Ta ce ai wannan dole ne, in ba ka nuna rasit ba ba za a sa maka hannu a fom ɗin rajista ba.

Wallahi abin ya tsaya min a rai har na dawo gida.

Ra'ayina a kan wannan ba mai tsawo ba ne. Duk ƙungiyar da ta rataya sunan kimiyya a wuyanta a cikin jami'a, ta kemistiri ce, ta fiziks ce, ta bayoloji ko ta lissafi, farkon abin da ya kamata kuɗin ɗalibai ya tafi a kai abu biyu ne: lakca a kai a kai, ko da sau ɗaya ne a wata, da kuma rana guda a shekara da ɗalibi zai tsaya gaban aikinsa a bainar jama'a a yi masa tambaya ya ba da amsa. In an yi waɗannan kuɗi ya ragu, a je a ci shinkafa a otal, ba ni da ja.

Ba mu ne za mu fara ba

A jami'ar Kambirij ta Ingila akwai wata ƙungiyar kimiyya da malamai suka kafa tun 1819, Cambridge Philosophical Society, aikinta kenan a taru a saurari bincike. Ranar 11 ga Nuwamba 1912 aka gabatar mata da aikin wani yaro ɗan shekara 22, Lawrence Bragg, wanda a lokacin bai daɗe da fara karatun bincike ba. Ya yi bayanin yadda hasken eksire ke karkacewa in ya ratsa ƙwayar kiristal, da yadda za a bi wannan karkacewar a gane yadda atom suka jeru a ciki. Shekara uku bayan nan, a 1915, aka ba shi Nobel tare da mahaifinsa yana ɗan shekara 25. Hanyar nan ce aka bi daga baya aka gano siffar DNA a 1953.

A Amurka ma akwai Sigma Xi da aka kafa a jami'ar Cornell a 1886, tana da rassa a jami'o'i da yawa, kuma tun 1922 take ba ɗalibai ɗan tallafi su yi bincike. Ba wasu maƙudan kuɗi ba ne, na sayen kayan aiki ne da kuɗin motar zuwa ɗebo samfur. Rassan ne ke gayyato masu lakca suna shirya ranar da ɗalibai ke baje aikinsu.

Ban kawo su don in ce sun fi mu kai ba. Na kawo su ne don a ga cewa abin da suka yi bai fi ɗaki da allo da mutanen da suka yarda su zauna su saurari yaro ba.

"Ina kuɗin yake?"

Wannan ne abin da kowane esko, wato zaɓaɓɓen shugaban ƙungiya, zai fara ce maka, kuma na san rayuwa ta yi tsada, ban musa ba. Amma mu zauna mu yi lissafi tsakani da Allah.

Me lakca take ci? Ɗakin karatu na sashe ne, takarda kawai za ka rubuta wa shugaban sashe. Mai magana yana nan a bene na biyu, ko a tsangayar aikin gona, ko a asibitin koyarwa, da yawansu in ka je da ladabi ka ce "Furof, muna roƙon awa ɗaya" ba za su karɓi sisinka ba, wasu ma daɗi za su ji an tuna da su. Abin da ya rage fetur ɗin janareta ne in an ɗauke wuta, da ledar fiya wata biyu ko uku, da kuɗin mota in daga cikin gari aka gayyato mutum.

Dina fa? Kuɗin hol, dekoreshan, dije, emsi, mai hoto, kek, abinci, da allunan lambar yabo da ake bugawa guda ashirin ko fiye. Kuɗin dekoreshan kaɗai na dare ɗaya zai riƙe lakcar shekara guda har da canji.

Sai maganar da ta fi damuna, wato tallafin bincike. Wanda bai yi furojek a lab ba ba zai gane yadda ƙaramin kuɗi ke kashe babban aiki ba. Ɗalibin da zai auna dalma ko kuromiyam a ruwa dole ya kai samfurinsa wajen na'urar AAS mai auna yawan ƙarfe a cikin samfur, kuma a can kowane samfur da kuɗinsa, kowane ƙarfe da kuɗinsa. Ƙanwata ta tsara za ta ɗebo daga wuri goma sha biyu, da ta je ta ji farashi ta dawo ta zauna a tsakar gida da biro tana soke wurare har suka koma biyar, ina kallonta. Ta ce, "Yaya, in na yi biyar ɗin da gaske ai ya fi in rubuta sha biyu na ƙarya ko?" Na ce ya fi. Amma fa ba kowa ne zai tsaya a nan ba, wani in kuɗi ya ƙare sai ya zauna a ɗaki ya ƙirƙiro lambobi ya cike tebur, kuma daga ranar ya koyi cewa haka ake kimiyya.

Da ƙungiya za ta ware wani kaso ta ce duk shekara ɗalibai biyar ko goma da suka kawo tsari mai ma'ana za a biya musu kuɗin gwaji kai tsaye a lab ɗin, ba a hannu ba, da an ga bambanci. Su tsaren ma su rubuto shi a shafi ɗaya, malamai biyu su duba, a manna sunayen waɗanda suka samu a allon sanarwa kowa ya gani. Rubuta wannan shafin kansa darasi ne, don duk wanda zai ci gaba a harkar bincike neman tallafi zai yi ta yi har ya yi ritaya.

"Ai aikin jami'a ne, ga TETFund nan"

TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu da aka yi wa doka a 2011, tana samun kuɗinta daga harajin da ake cira daga ribar kamfanoni, tana gina ajujuwa da lab, tana tura malamai ƙaro karatu da halartar taruka, tana ba su kuɗin bincike. Aiki ne babba. Amma yaron aji huɗu da ke neman kuɗin filta fefa da na mota zuwa bakin kogi ba ta wannan ƙofar zai shiga ba, ba don shi aka yi ta ba. Shi ƙungiyarsa ce mafi kusa da shi, ita ta san sunansa, ita ta karɓi kuɗinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

"Furojek ɗin ma ai kwafi ne, me za a nuna?"

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma wani abokina malamin jami'a ne ya faɗa min ita cikin ɓacin rai. Ya ce Malam kai ba ka san abin da muke gani ba, yaro zai je shagon kwamfuta a bakin get ya sayi furojek ɗin wani, ya canza sunan gari da shekara, ya kawo maka, yanzu ma ga manhajojin da ke rubuta wa mutum babi guda cikin minti biyu. Ya ce in ka tara mutane ka baje wannan ai kunya za ka jawo wa sashe.

Na yarda ana yi. Amma me ya sa ake yi? Ruwa ba ya tsami banza. Yaro ya san ƙarshen aikin nan difens ne, wato kare aikin a gaban malamai, na 'yan mintoci a rufaffen ɗaki, malamin da aka gayyato daga waje yana da tarin ɗalibai da zai gani cikin kwana ɗaya ko biyu, ya gaji, zai buɗe shafi biyu ya yi tambaya ɗaya ya ce jeka. Daga nan a yi bayindin kwafi huɗu, ɗaya ya ƙare a ƙarƙashin bene. In ka san ba mai karantawa, ba mai tambaya, me zai sa ka sha rana a bakin kwata kana ɗibar ruwa mai wari?

Yanzu a juya. A ce tun farkon shekara an sanar cewa ranar kaza kowa zai manna fostarsa a farfajiyar tsangaya ya tsaya a gabanta daga safe zuwa azahar, malaman wasu sassa za su zagayo, 'yan aji ɗaya da biyu za su zagayo, ɗaliban sakandare za su zo da malamansu, iyaye ma in sun so. Wanda ya sayi aiki ba zai iya awa uku a tsaye ba. Ba sai farfesa ya kama shi ba, wata 'yar aji biyu ce za ta ce "Don Allah a wace irin kwalba ka ɗebo ruwan, kuma kwana nawa ya yi kafin ka auna?" shikenan asiri ya tonu. Wanda kuwa ya yi da hannunsa, ko da sakamakon bai yi kyau ba, zai ba ka labarin yadda samfur na uku ya zube a cikin adaidaita ya koma ya sake ɗebowa. Tsoron wannan tsayuwar kaɗai zai gyara rabin matsalar tun kafin ranar ta zo.

Akwai kuma wata asara da ba a lura da ita. Ɗauki Kano. Shekara da shekaru ɗalibai na auna ruwan kogin Challawa saboda masana'antun jima da ke Challawa da Sharaɗa, suna auna ruwan Jakara da ganyen da masu lambu ke shukawa a gefensa. Kowa ya zo sai ya fara daga farko kamar ba a taɓa yi ba. Da akwai mai tattara taƙaitaccen bayanin kowane aiki, shafi ɗaya-ɗaya, a haɗa a fayil guda duk shekara a tura a guruf ɗin WhatsApp na sashe, da na bana ya ɗora daga inda na bara ya tsaya, da bayan shekara goma an ga ko abin ƙaruwa yake ko raguwa. Wannan ba ya buƙatar ko kwabo, sakataren ƙungiya da laftof ɗin aro sun isa.

"Ko an shirya ba za su zo ba"

Ya danganta da abin da aka shirya. In lakcar ita ce a zaunar da yara awa biyu ana jiran babban baƙo, a yi awa ɗaya ana gabatar da manyan baƙi da karanta tarihin mai lakca tun daga firamare, sannan ya tashi ya karanta silaid cike da rubutu yana kallon allo, to ni ma ba zan zo ba.

A duk shekarun da na yi a jami'a, lakca ɗaya ce ta irin wannan ƙungiya ta zauna min. Wani dattijo aka gayyato daga hukumar ruwa, ba farfesa ba ne, ya zo da kwalabe biyu na ruwan kogi jawur da ɗan ƙullin alif a aljihun rigarsa. Ya jefa kaɗan a ɗaya ya juya da cokali ya ajiye, ya ci gaba da magana. Muna zaune muna kallo laka ta fara dunƙulewa tana sauka ƙasa, kafin ya gama bayani saman kwalbar ya yi garau. Sai ya ce wa zai sha? Wani ya miƙa hannu, ya riƙe kwalbar ya ce "A'a ɗana, ya yi haske ne kawai, bai tsarkaka ba," daga nan ya shiga maganar kulorin da ƙwayoyin cuta, da dalilin da ya sa suke ƙara alif da damina. Mun yi wannan a aji mun rubuta a jarrabawa, amma ranar na gane shi. Gani ya kori ji. Har yau da kwalabe biyu nake koyar da wannan darasin a ajina.

Kuma batutuwa ai ga su nan birjik a ƙofar gidanmu. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, saboda ana niƙa dutsen zinare a cikin gida ƙurar na sauka inda yara ke rarrafe, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura da yawan mace-macen sannan aka gano. Wane ɗalibin kemistiri ne ba zai so ya ji wannan daga bakin wanda ya yi aikin kwashe ƙasar ba? A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da ake zuba masa a ajiya, waken da mu muke ci kullum a ƙosai da alala. Ga kachalla da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja zuwa Nguru. Ga Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, da ya sa tukunya cikin tukunya ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ruwa na tashi yana tafiya da zafi, kayan miya na daɗewa ba firij ba wuta, har ya samu kyautar Rolex a 2000. Wannan fiziks ne tsantsa, kuma da tukwane biyu da ma'aunin zafi za a nuna shi a gaban aji.

Ni da za a ji tawa ma, ko sau ɗaya a zango a yi lakcar da Hausa, a gayyato masu lambu da dillalan wake na Dawanau da masu haƙar rijiya su zauna a gaba. Ɗalibin da ya iya yi wa dillali bayanin dalilin da ya sa maganin nan ba ya fita daga wake da wanki ɗaya, da harshen da dillalin zai gane, to shi ne ya san abin da ya karanta.

"A bar yara su huta mana"

Sun cancanci hutu, wannan gaskiya ne. Waɗanda ke gamawa yanzu da yawansu yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya cinye musu wata takwas suna zaune a gida, ga tsadar mota, ga yunwa a hostel. Wanda ya fita daga wannan in ya ce zai sa sabon kaya ya ɗauki hoto da abokansa ba wanda zai ga laifinsa.

Amma a duba su waye ke zuwa dinar. Kowa ya biya kuɗin ƙungiya, amma sai mai kuɗin tikiti da na ɗinki ne zai shiga. 'Yan mata da yawa gidajensu ba za a bar su su je otal da dare ba, matan aure da masu goyo kuwa ba a ma maganarsu, ƙanwata kanta ba ta je ba. Ke nan an karɓi kuɗin kowa an yi wa wasu biki. Lakcar ƙarfe goma na safe a cikin makaranta kuwa ba wanda ƙofarta ta rufe wa.

Sai lambar yabon nan da ake ba wanda bai taɓa taka lab ba don ana sa ran zai yi alƙawarin gudummawa a kan mumbari. Yaran na kallo fa. Suna ganin wanda ya kwana uku yana jiran sakamako a lab ba wanda ya kira sunansa, mai babbar mota kuma an miƙa masa allo ana tafi. In dai lambar yabo za a bayar, a ba fostar da ta fi kyau, a ba wanda ya fi iya amsa tambaya, shi ɗan siyasar in yana son taimakawa ya biya kuɗin gwajin yara goma a rubuta sunansa a ƙasan fostocinsu.

Malaman da ake naɗawa iyayen ƙungiya su ma da nasu. Ba sa hannu a takardar cire kuɗi ne kaɗai aikin ba. Uban ƙungiya na iya cewa ba zan sa hannu a kuɗin hol ba sai na ga jadawalin lakcar zangon nan da ranar baje bincike, magana ɗaya ce, kuma esko za su bi. Mu tsofaffin ɗalibai kuma da muke guruf-guruf muna tura gaisuwar Juma'a, buga fosta ɗaya bai fi ƙarfin yawancinmu ba. Na riga na ce wa ƙanwata ta samo min lambar sabon shugaban ƙungiyarsu, in sun sa rana ni zan ɗauki nauyin buga guda goma.

Da sakataren ya dawo ya sa mata hannu, sai na nuna masa furojek ɗin rijiyoyin nan na ce ko zan iya ara. Ya ce, "Malam ɗauka kawai, ai wuri muke nema." Yana kan teburina yanzu, na goge bangon da tsumma. Ranar Litinin zan shiga da shi ajin SS2, akwai yara uku a ciki da gidajensu ruwan rijiya suke sha, zan ba su teburin yarinyar su karanta da kansu, sannan kowa ya je ya auna min taku nawa ne tsakanin rijiyar gidansu da masai.